Ɗan Wasa Mai Ba da Umarni: Tarihin Wata Sana'a Tsakanin Kano da Zangunan Gwanja

A ƙasashen da sana'ar fim ta daɗe da kafuwa, aikin ɗan wasa daban yake da aikin mai ba da umarni, kuma idan aka sami mutum guda ya haɗa su, kamar yadda Charlie Chaplin ya yi a Amurka ko Raj Kapoor a Indiya, akan ɗauke shi gwani na musamman wanda ba kullum ake samun irinsa ba. Mai ba da umarni, wanda 'yan fim ke kira darakta, shi ne ke da alhakin mayar da rubutaccen labari hoto mai motsi: shi ke faɗin inda za a girke kyamara, da yadda ɗan wasa zai shigo, da lokacin da zai ɗaga murya ko ya yi shiru, shi ne kuma ke zama da mai tace hotuna har a harhaɗa gutsattsarin da aka ɗauka su zama labari guda. Furodusa kuwa shi ne mai nemo kuɗi da ɗaukar ma'aikata da kai fim kasuwa. A masana'antar finafinan Hausa waɗannan ayyuka uku sun saba taruwa a hannun mutum ɗaya, kuma galibi mutumin nan ta gaban kyamara ya fara, sannan ya zagaya bayanta ba tare da ya bar gaban ba. Wannan hali yana da dalilansa a tarihi, kuma bin diddiginsu yana bayyana yadda finafinan da ake shiryawa a Kano suka sami kamanninsu, da yadda fuskokin wasu 'yan wasa ƙalilan suka zama sanannu har a Salaga da Yendi da Bawku, garuruwan arewacin Gana da fataucin goro ya haɗa da ƙasar Hausa tun kafin a ƙirƙiro kyamara.

Wasannin kwaikwayo na gargajiya ba su ware wani mutum da zai tsaya gefe yana ba da umarni ba. A tashen da yara ke yi cikin watan azumi, da wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, da barkwancin 'yan kama masu kwaikwayon malamai, babba a cikin masu wasan shi ke tsara abin da za a yi, kuma shi ma yana cikin fage. Zuwan makarantun boko ya kawo rubutaccen wasa, tun daga wasanni shida da R. M. East ya buga a 1930, zuwa Wasan Marafa na Abubakar Tunau, zuwa Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, amma rubutun bai kawar da tsohuwar al'ada ba. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da samari suka kakkafa a Kano, irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa, sun yi aiki ne da tsarin da shugaba ke zayyana ƙashin labari, ya raba wa kowa matsayinsa, a bar wa ɗan wasa ya ƙago kalaman bakinsa a kan fage. A irin wannan tsari wanda ya fi iya wasa shi ne ake sauraron gyaransa, don haka shugabanci ya bi gwanintar wasa, kuma wannan gado ne finafinan bidiyo suka tarar suka ɗora a kai.

Akwai wata hanya ta daban da sana'ar za ta iya bi, wadda ta faro daga majigi, wato silimar tafi-da-gidanka da gwamnatin mulkin mallaka ke zagayawa da ita gari-gari a mota tana nuna finafinan wayar da kai kan noma da kiwon lafiya, irin su Baban Larai mai kwaɗaitar da noman auduga. Daga sashen fim na gwamnatin Jihar Arewa ne Adamu Halilu ya fito, ƙwararren da ya koyi aikin kyamara da tsara fim a matsayin sana'ar ma'aikacin gwamnati, wanda a 1976 ya ba da umarnin Shehu Umar daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan kuma ya fito a matsayin Shehun. Finafinan da suka biyo baya a kan zaren silima mai tsada irin wanda aka ɗauki Shehu Umar a kai, kamar Ruwan Bagaja da Ƙasarmu Ce da Kulɓa Na Ɓarna, ba su da yawa, domin kowane ɗaya yana bukatar kuɗin da gwamnati ko wata babbar hukuma ce kaɗai za ta iya fitarwa, kuma karyewar tattalin arzikin Nijeriya tun daga shekarun 1980 ta sa hanyar ta toshe a hankali. Gana ta fi nisa a wannan tafarki, domin ta gaji sashen fim da Turawa suka kafa a 1948, Kwame Nkrumah ya mayar da shi kamfanin fim na ƙasa, aka kuma buɗe makarantar koyon fim da talabijin a Akra a 1978, amma ita ma sai da bidiyo ya ƙwace kasuwa daga hannun ƙwararrun bayan William Akuffo ya fitar da Zinabu a 1987, shekara uku kafin Kano ta fitar da nata na farko.

A Nijar an sami misali na farko mai ƙarfi na ɗan wasan da ya zama darakta. Bafaranshe Jean Rouch, wanda ya bi matasan Nijar masu zuwa ci-rani Kumasi da Akra ya ɗauki fim ɗin Jaguar a tsakiyar shekarun 1950, ya haɗu da Oumarou Ganda a Abijan, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indocin yake kuma aikin ƙarfi a can, ya sa shi a gaba a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Ganda bai tsaya a matsayin fuskar da wani ke ɗauka ba, ya koma Yamai ya koyi riƙe kyamara, ya shirya Cabascabo a kan rayuwar tsohon soja ya kuma fito a ciki da kansa, sannan a 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu, wato FESPACO, a karon farko da aka bayar da ita. Ya rasu a farkon 1981. Ganda Bazabarme ne, kuma finafinansa sun fi zagaya bukukuwan fim fiye da kasuwannin ƙasar Hausa, amma ya cancanci a ambace shi a wannan tarihi saboda ya nuna tun da wuri cewa wanda aka ɗauka a hoto yana iya karɓar ragamar labarinsa.

Talabijin ce ta raini 'yan wasan Hausa na farko da jama'a suka sani da fuska. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya fito da Usman Baba Pategi, tsohon sojan da ya ƙago Samanja Mazan Fama ya kuma riƙe babban matsayi a cikinsa shekara da shekaru, da Ƙasimu Yero na Karambana da Magana Jari Ce, yayin da Jos ta fito da Karkuzu. A Kano, buɗe gidan talabijin na jiha, CTV, a farkon shekarun 1980 ya ba ƙungiyoyin samari fagen da ba su taɓa samu ba, ya kuma horar da masu ɗaukar hoto da masu ba da umarni irin su Tijjani Ibrahim, waɗanda daga baya suka riƙe finafinan bidiyo na farko. Da Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda Aminu Hassan Yakasai ya rubuta, Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari ya fito a ciki, ƙungiyar wasan kwaikwayo ce ta koma kamfanin fim da mutanenta da ɗabi'unta, kuma Mandawari kansa bai daɗe ba ya shiga sahun masu shiryawa da ba da umarni.

Abin da ya ƙarfafa wannan hali fiye da komai shi ne yadda ake sayar da fim. A zamanin kaset, furodusa yakan kai uwar kaset ɗinsa wurin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, ya buga kwalaye masu ɗauke da hotunan 'yan wasa ya sayar musu, su kuma su kwafi fim ɗin a kan kaset ɗin da suka saya da kuɗinsu, su zura a kwalin su rarraba wa masu sari daga garuruwa na kusa da na nesa. Ribar mai fim tana cikin yawan kwalin da ya sayar ke nan, kuma ɗan kasuwa, wanda sau da yawa bai ga fim ɗin ba, yakan yanke shawarar adadin da zai ɗauka ne bisa fuskokin da ya gani a jikin kwalin da kuma waƙar da aka sa a talla. A irin wannan kasuwa sunan darakta ba ya sayar da kaset, fuskar jarumi ce jari. Jarumin da ya fahimci haka yakan ga babu dalilin da zai ci gaba da karɓar ladan wasa alhali wani na kwashe ribar fuskarsa, sai ya buɗe ofis, ya yi wa kamfani suna, ya nemi labari, kuma tun da ya shafe shekaru yana kallon yadda ake girke kyamara, ya karɓi aikin ba da umarnin shi ma, ya rage wa kansa kuɗin ɗauko wani.

Babu wanda rayuwarsa ta sana'a ta fi bayyana wannan tafarki kamar Ali Nuhu. An haife shi a Maiduguri ranar 15 ga Maris 1974, mahaifinsa mutumin Balanga ne a Jihar Gombe, mahaifiyarsa kuma 'yar Bama a Jihar Borno, ya tashi tsakanin Jos da Kano, ya yi digiri a fannin labarin ƙasa a Jami'ar Jos. Ya fara fitowa a Abin Sirri Ne a 1999, shekarar da Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim, shekarar kuma da sunan Kannywood, laƙabin masana'antar finafinan Hausa, ya fara bayyana a mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji. Ba da jimawa ba Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito, labarin ɗan sarautar da ya kamu da son yarinyar da ke aikatau a gidansu, inda ya fito tare da Fati Muhammad, kuma cinikin da fim ɗin ya yi, wanda waƙarsa mai kiɗan fiyano ta ja, ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa soyayya da rawa da waƙa su ne abin da matasa da matan aure ke saye. Wasila, wanda Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni, shi ma ɗan wasa ne kuma darakta, ya ƙara kafa shi. Cikin ɗan lokaci ya kafa kamfaninsa, FKD, wanda ya ɗauko harufansa daga sunan mahaifiyarsa, ya fara ba da umarni da finafinai irin su Mujadala da Khusufi.

Waɗannan finafinai sun jawo masa yabo da suka a lokaci guda, domin labaransu daga finafinan Indiya aka ɗauko su aka sa musu rigar Hausa, abin da 'yan fim ke kira wankiya. Al'amarin yana da dogon asali, tun da gidajen silima na Kano, waɗanda 'yan kasuwa Lebanawa suka mallaki da yawa daga cikinsu, sun shafe shekaru gommai suna nuna finafinan Indiya, gidajen talabijin kuma suka kai su har cikin ɗakunan matan kulle, kuma masana irin su Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da Brian Larkin sun nuna cewa auren dole da kunya da rikicin biyayya ga iyaye da ke cikin waɗancan finafinai sun yi daidai da damuwar mai kallo Bahaushe. Duk da haka sukar tana da gaskiyarta. Daraktan da ya taso daga wasa ya fi sanin abin da ke motsa zuciyar mai kallo a fage ɗaya fiye da yadda ake gina sabon labari daga tushe, kuma idan shi ne mai kuɗin, shi ne kuma fuskar da ke kan kwali, tsoron asara yakan tura shi ga labarin da aka riga aka gwada aka ga ya karɓu. Abin da ba a cika yaba wa Ali Nuhu da shi yadda ya kamata ba shi ne tsaftar aikinsa da iya tafiyar da 'yan wasa, musamman sababbi, waɗanda yakan fitar da abin da su kansu ba su san suna da shi ba, kuma wannan baiwa ce da ke zuwa daga sanin halin wanda ke tsaye gaban kyamara gabansa na faɗuwa.

Daga nan ne sana'ar ta ɗauki siffar ubangida da yaransa. Jarumin da ya zama darakta yakan tara matasa a ofishinsa, wasu masu sha'awar wasa, wasu masu riƙe fitila ko rubuta jerin fitowa, yana ciyar da su yana sa su a ƙananan matsayi har su goge, kamar yadda madugu ke tafe da ayari yana koya wa yaransa hanya da mashaya har wata rana ɗayansu ya ja nasa ayarin. Ta hannun FKD ne marigayi Ahmad S. Nuhu ya yi suna kafin hatsarin mota ya yi ajalinsa a farkon 2007, ta nan Nafisa Abdullahi ta fito a Sai Wata Rana a 2010, Rahama Sadau ta shigo a 2013, sannan a 2017 Mansoor ya ɗaga mawaƙi Umar M. Shareef da Maryam Yahaya zuwa sahun manyan jarumai. Sani Danja da Yakubu Muhammad sun kafa nasu gidan, Adam A. Zango ya kafa nasa, Falalu Ɗorayi kuma ya bi hanyar ta ɗaya ɓangaren, ya yi suna a ba da umarni yana kuma fitowa a wasan. Wannan tsari shi ya tsaya a madadin makarantar fim da Kano ba ta da ita a wancan lokaci, kuma ya horar da ɗaruruwan matasa ba tare da gwamnati ta kashe ko kwabo ba. Illarsa ita ce ya raba masana'antar gida-gida, ya sa saɓanin iyayen gida ya zama saɓanin yaransu, ya kuma sa ci gaban matashi ya rataya a kan yardar mutum guda. Mata sun fi kowa jin nauyin wannan, domin al'adar barin fim da zarar an yi aure takan katse musu tafiya kafin su kai shekarun da namiji ke komawa bayan kyamara, shi ya sa ake samun mata furodusoshi amma mata daraktoci ba su da yawa.

Haɗa ayyuka a hannu ɗaya ya kuma sa jarumi-darakta ya zama wanda hukuma ke fara nema idan rikici ya tashi. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000 an kafa Hukumar Tace Finafinai ta jiha a 2001, kuma daga 2007, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabance ta, an tsananta dokoki har aka ɗaure wasu fitattu, ciki har da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, ɗan wasa kuma mai shirya fim, a ƙarshen 2008. Da yawa daga 'yan fim sun kwashe aikinsu zuwa Kaduna da Jos a wannan tsakani. Ali Nuhu yana da wata ƙofar a buɗe, domin tun kafin nan ya fara fitowa a finafinan Kudu masu magana da Turanci, kuma rawar da ya taka a Sitanda na Izu Ojukwu ta ba shi kyautar jarumi mai tasowa a gasar finafinan Afirka ta AMAA a 2007, daga baya ya fito a Last Flight to Abuja na 2012 da wasu da dama.

Masu kallon da ke nesa da Kano suna da nasu matsayi a wannan tarihi, kuma na arewacin Gana sun fi cancantar a tsaya a kansu, saboda tsufan alaƙarsu da ƙasar Hausa. Gwanja, kamar yadda Hausawa ke kiran ƙasar Gonja, ita ce maƙurar ayarin fatake masu tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan fata, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su biyo ta Sansanne Mango da Yendi, fadar Ya Na sarkin Dagomba, su sauka a Salaga su sayi goron da ke fitowa daga kurmin Asante. Salaga ta kasance babbar kasuwar bayi kuma, abin da bai kamata a ɓoye ba a duk inda aka ambaci arzikinta. Da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 sai hanyar goro ta fara kauce wa garin, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa mazaunansa zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi da Akra, cikinsu har da Alhaji Umaru, malami kuma mawaƙi haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete Krachi a 1934. Unguwannin baƙi da waɗannan mutane da sojoji da 'yan ci-rani suka kafa, wato zanguna, sun tara ƙabilu iri-iri, Mosawa da Zabarmawa da Fulani da Yarabawa da Dagombawa da Kotokoli, kuma Hausa ce ta zama harshen da ya haɗa su, har gidan rediyon ƙasar ya sa ta cikin harsunan da yake watsa shirye-shirye da su. A Bawku, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo, inda Kusasi da Mamprusi da Bisa da Mosawa ke cin kasuwa ɗaya, Hausa tana cikin manyan harsunan ciniki. Makango kuwa, bayan madatsar Akosombo ta haifar da tafkin Volta a tsakiyar shekarun 1960, ta zama mashigar jirgin fito da ke haɗa Yeji da hanyar Salaga, a kan tsohuwar hanyar da ke tasowa daga Kumasi zuwa arewa.

Wannan shimfiɗa ce kaset ɗin Kano, daga baya kuma faifan CD, suka tarar, suka shiga ta hannun 'yan kasuwa da direbobi da masu zuwa ziyarar dangi. Hausar Gana ta bambanta da ta Kano, ta ari kalmomi daga Turanci da harshen Twi, kuma a bakin masu magana da yawa bambancin jinsin namiji da mace a nahawu ya raunana, don haka finafinan suka zama wata hanya da matashin zango ke jin karin harshen Kano, yana ganin yadda ake gaisuwa da zaman makoki da kamu da ɗaurin aure a ƙasar da kakannin wasunsu suka baro. Ga mai kallon da ke zaune a ƙasar da Musulmi ba su ne mafi rinjaye ba, ganin labarin soyayya da ake yi cikin sallama da mayafi da girmama iyaye yana da daraja ta musamman. Kuma a nan ne ƙarfin fuska ya fi bayyana, domin mai sayen faifai a Yendi ko Bawku ba ya karanta mujallar Fim, bai san kamfanonin Kano ba, abin da ya sani shi ne wannan fim ɗin Ali Nuhu ne, wancan na Adam Zango, wancan kuma na Ibro, wato Rabilu Musa, sarkin barkwancin da ake kira camama, wanda ya rasu a Disambar 2014. Abin takaici shi ne mafi yawan faifan da ke kaiwa irin wannan nisa kwafi ne na satar fasaha, don haka ƙaunar masu kallon Gana ta ƙara wa jaruman suna amma ba ta ƙara wa aljihunsu abin kirki ba, kuma wataƙila wannan yana cikin dalilan da suka sa masu shirya fim a Kano ba su cika waiwayar rayuwar zango ko tarihin hanyar Gwanja a labaransu ba, duk da cewa tafiyar ayari ta wata da watanni, da 'yan fashi da kuɗin fito da auren da fatake ke ƙullawa a hanya, labari ne da ya isa a yi masa fim mai nauyi. A Tamale dai Dagombawa sun kafa tasu masana'antar da harshensu, wadda ita ma ta sha daga finafinan Indiya.

Kasuwar faifai ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2010, sakamakon satar fasaha da tura finafinai ta wayar hannu da kuma yaɗuwar finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, waɗanda suka ba mai kallo asalin abin da ake wanke masa a farashi mai rahusa. Ali Nuhu yana cikin waɗanda suka gwada komawa silima, inda aka nuna Mansoor a babban kantin Ado Bayero da ke Kano, amma gidajen kallo kaɗan ba za su iya ɗaukar masana'anta guda ba. Mafita ta zo ne daga inda aka faro, wato talabijin. Tashar Arewa24, wadda ta fara watsa shiri ta tauraron ɗan Adam a 2014, ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, ta kuma nuna Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi da Labarina na Aminu Saira, yayin da Izzar So na Lawan Ahmad ya nuna cewa YouTube ma kasuwa ce. Fim mai dogon zango, wato labarin da ake yankawa kashi-kashi ana nunawa mako-mako, ya maye gurbin fim mai kashi ɗaya da biyu, Ali Nuhu kuma ya bi sahu da Alaƙa. Wannan sauyi ya taɓa masu kallon Gana kai tsaye, domin a YouTube kallon da aka yi a Salaga ana ƙirga shi kamar wanda aka yi a Fagge, kuma yana shiga lissafin kuɗin tallan da mai fim ke samu. Ya kuma fara ɗaga darajar marubuci da daraktan da ba ya fitowa, tun da labarin da zai shafe shekara ana bibiya ba ya tsayuwa a kan fuska kaɗai, har ta kai ana sauya jaruma a tsakiyar shiri masu kallo su yi gunaguni su ci gaba da kallo.

A Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979 take kuma da mazauni a Jos, kujerar da Adamu Halilu da Brendan Shehu suka taɓa riƙewa. A ƙarƙashin hukumar akwai taskar adana finafinai ta ƙasa, wadda da haɗin gwiwar wata cibiya ta Jamus aka gyara Shehu Umar aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018, alhali finafinan bidiyo na shekarun 1990 suna warwatse a kan kaset a hannun ɗaiɗaikun mutane, zafi da ƙura suna cin su. A ƙarƙashinta kuma akwai makarantar koyon fim ta Jos, wadda ta yaye Kenneth Gyang, daraktan da ya koyi aikin a aji, ya kuma ba Ali Nuhu umarni a Blood and Henna da Confusion Na Wa.